Yadda muke raba farfelar jirgi da igiya a ruwan Legas

Jirgin fasinja ne na faiba mai ɗaukar mutum 20, da inji ɗaya a baya, Yamaha mai ƙarfin doki 200. Mun taso daga tashar Ipakodo ta Ikorodu da safe za mu Ebute Ero, a watan Oktoba, lokacin da ruwan lagun, wato babban tafkin Legas da ke haɗe da teku, yake ɗauke da duk abin da damina ta kwaso daga kogin Ogun da magudanan cikin gari. Mun fara jerawa da gadar Third Mainland ke nan sai ƙarar inji ta faɗi kamar an shaƙe shi, sitiyari ya ɗauki rawa a hannu, gaban jirgi ya sauko ya kwanta a ruwa. Nan take na mayar da totur ƙasa, na jefa giya a firi.

Wannan motsin hannu na farko shi ne rabin aikin. Injin da ke juyi 5000 a minti a agogonsa, farfelarsa tana juyawa kusan sau 2700 a minti, wato sau 45 a daƙiƙa ɗaya. Idan igiyar da ta kama a sake take, kafin ka gama waiwayawa ta naɗe mita goma. Duk daƙiƙar da direba ya ƙara yana tunani, ko yana ƙara wuta don ya ga ko abin zai saki, yana ƙara wa kansa minti goma na yanka ne.

Kunne yakan gaya maka abin da ya kama tun kafin ido ya gani. Idan leda ce ko buhun siminti ko na shinkafa ya lulluɓe kunnuwan farfela, ƙarar inji sama take yi, jirgi kuma ya rage gudu, domin farfela ta daina cizon ruwa. Idan igiya ce ko raga, ƙarar ƙasa take yi, inji ya yi nishi, wani lokaci ya mutu gaba ɗaya. Ga leda da ciyawa akwai dabarar da kowane direba ya sani: ka sa firi, ka jira jirgi ya lafa, ka ba shi ribas na daƙiƙa biyu ko uku a ƙaramin wuta, sau da yawa abin ya zame ya tafi. Ga igiya kuwa ribas gyaran gangar Auzinawa ne. Tana warwarewa ta wani gefe tana sake naɗuwa ta wani, ta kitse kanta, sannan ta cusa a ratar da ke tsakanin farfela da giyabos, wato gidan giya da ke ƙasan ƙafar inji. A ranar nan nishi na ji, don haka ban taɓa ribas ba. Na kashe inji.

Kafin a duba baya, sai an fara da mutanen da ke ciki. Jirgi yana tsayawa a tsakiyar ruwa fasinja kan miƙe, kowa ya leƙa gefen da yake zaton matsalar take, kuma wannan taruwa a gefe ɗaya ta fi igiyar haɗari. Na ce, "Jama'a, kowa ya zauna inda yake, kada wanda ya cire rigar ruwa. Igiya ce ta kama farfela, yanzu za mu cire." Na maimaita da Turancin buroka saboda waɗanda ba sa jin Hausa. Wani dattijo da ke kujerar baya ya ce, "Malam direba, ba dai inji ne ya lalace ba?" Na ce, "Lafiyarsa ƙalau, Baba. Ku taimaka ku koma gaba ku da mutum biyun nan, bayan jirgi ya ɗan ɗaga." Mutum uku idan suka koma gaba, bayan jirgi yakan tashi da kusan tafin hannu, kuma wanda zai yi yanka ya san amfanin wannan tafin hannun.

Sai anga. Ruwan lagun yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kuma a kusa da gadoji yana da ja sosai. Jirgin da babu inji, cikin minti biyar ruwa zai kai shi jikin ginshiƙin gada ko cikin turakun masunta. Yaron jirgi ya jefa anga ta gaba, ya saki igiya kamar ninki biyar na zurfin wurin. Zurfin bai wuce mita 3 ba, ya saki wajen mita 15. Ta gaba ake ɗaure anga, har abada. Bayan jirgi shi ne wuri mafi ƙasa, ga nauyin inji, idan ya fuskanci taguwar ruwa sai ta riƙa faɗowa ciki.

Wannan ya kawo abin da nake fara dubawa kafin komai: shin igiyar tana riƙe da wani abu a ƙasa? Sau da yawa igiyar da ke yawo a sama ɗaya bakin nata yana ɗaure da dutse, ko turke, ko ragar da aka shimfiɗa. Idan haka ne, jirgi ya zama an ɗaure shi ta baya, ruwa zai juya shi ya ba taguwa baya duk da angar da aka jefa. Mun sa gora mai ƙugiya muka laluba, muka ji igiyar a miƙe take kamar tsirkiya. Irin wannan ita ake fara yankewa, a ɗan nesa da farfela, kuma mai yanka ya kawar da fuskarsa, don igiya mai tauri idan ta tsinke bulala take yi. Bakin da ya tafi ƙasa muka ɗaura masa jarkar fanko muka sake shi. Ragar wani ce, da ita yake ci da iyalinsa, kuma jarkar za ta nuna masa inda kayansa suke, ta kuma nuna wa jirgin da ke biye da mu inda zai kauce.

Daga nan na zare makulli, na cire maƙalar jar igiyar nan ta kashe inji, na ba yaron duka biyun ya sa a aljihunsa. Ƙa'idata ce: wanda hannunsa zai taɓa farfela, shi ke riƙe da makulli. Na tabbatar giya tana firi, na danna maɓallin ɗaga inji har ƙafarsa ta fito daga ruwa gaba ɗaya, na saukar da ƙarfen tokare da ke jikin maƙalin inji, don kada a dogara da haidirolik kaɗai alhali hannun mutum yana ƙasa. Idan batir ya yi sanyi ya kasa ɗagawa, akwai wani sukuru a gefen maƙalin da ake sassautawa, mutum biyu su ɗaga da hannu, sannan a mayar a ɗaure. Na karya sitiyari har ƙarshe, farfela ta karkato gefen da hannu zai kai.

Yaron ya kwanta rub da ciki a bayan jirgi, da rigar ruwa a jikinsa, da igiya a ƙugunsa ɗaure da ƙarfen jirgi, ni kuma ina riƙe da ƙafafunsa ina kallon hanya. Ba na barin kowa ya shiga ruwa saboda farfelar injin da ake iya ɗagawa. Jiragen da ke wucewa da gudu suna tayar da taguwa, bayan jirgi ya tashi ya faɗo da nauyin fiye da tan ɗaya, kuma kan mutum ne a ƙarƙashinsa. Ga ƙugiyoyin mamari da kan zo a maƙale da raga, ga ƙazantar ruwan da ke shiga kowane ɗan yanka. Duk lokacin da na hango jirgi na tafe sai in ce, "Ɗaga hannunka," ya janye har taguwar ta wuce.

Abin da muka tarar shuɗiyar igiyar roba ce mai kaurin milimita 10, irin wadda ake ɗaura wa jarka don alamar raga, tare da wani yanki na ragar kanta. Wannan shuɗiyar igiya ba ta nutsewa, tana kwanciya ne daidai saman ruwa ko ƙasa da shi kaɗan, inda ido ba ya gani da safe idan rana tana haska ruwa, kuma daidai inda ƙafar inji ke bi.

Ba da wuƙa ake farawa ba. Farfelar yawancin injuna, idan ka tsaya a bayanta kana kallo, tana juyawa ne yadda hannun agogo ke tafiya lokacin da jirgi ke gaba. Saboda haka sai ka juya ta da hannu akasin haka, kana jan bakin igiyar a hankali. Da safar hannu ake yi, domin bakin kunnen farfelar da ta sha yashi kaifi gare shi kamar aska. Da haka muka warware zagaye bakwai ko takwas na sama ba tare da yanka ba. Na ƙasa sun riga sun cije.

Kayan yankan da ke cikin akwatina uku ne: wuƙa mai haƙora irin ta yanka burodi, ruwan zarton ƙarfe da aka naɗe rabinsa da tef ya zama mariƙi, da filaya mai dogon baki. Kowanne da zare a gindinsa da ake ratayawa a wuyan hannu, don abin da ya faɗa lagun ya tafi ke nan. Wuƙa mai santsin baki zamewa take a kan igiyar roba. Mai haƙora ce ke ci. Ana zaɓar wuri ɗaya, a yanka a gicciye kan zagayen igiyar, wato wuƙa tana bin tsawon sandar farfela, a yi ta nitsawa a wannan layi ɗaya har a kusa ƙarfe, sannan a buɗe naɗin kamar ana ɓare ɓawon rake. Masu yanka nan da can suna ɓata lokaci ne kawai, igiyar ta zama gutsi-gutsi amma tana nan a cije.

Zagayen ƙarshe ya narke. Gogayya ta zafafa robar har ta dunƙule ta zama zobe mai tauri kamar ƙaho a ratar farfela da giyabos. Nan ne zarto ke aiki, a hankali, sannan a kama da filaya a fizgo. Abu ɗaya nake hanawa da babbar murya: tura tsinin wuƙa cikin wannan rata ana ƙwaƙula. A bayan ratar sil yake, wato robar da ke hana ruwa shiga giyabos, kuma tsinin wuƙa zai yi masa ɓarnar da igiyar ba ta kai ga yi ba. Duk abin da muka yanko muka zuba a buhu cikin jirgi. Wanda ya mayar da guntun igiya ruwa ya ɗana wa na bayansa tarko, wataƙila ma kansa, tunda da yamma ta nan zai dawo.

Kafin a saukar da inji na juya farfela da hannu na ji tana tafiya sumul, babu inda take cijewa. Na duba kunnuwa uku, babu wanda ya lanƙwashe. Na shafa ramukan shan ruwa da ke gefe biyu na ƙafar inji, na ciro wata ledar fiya wata da ta manne a ɗaya. Wannan dubawa ba ta da ƙanƙanta. Ta ramukan nan famfo ke jan ruwan sanyaya inji, kuma robar famfon idan ta juya a bushe, ƙasa da minti ɗaya ta ƙone. Mun saukar, na karɓi makulli, na tayar, idona a kan fitsarin inji, wato ɗan siririn ruwan da ke tsartuwa ta gefe. Ya fito da ƙarfi. Yaron ya ja anga, na sa giya a ƙaramin wuta na saurara, na ƙara kaɗan kaɗan. Babu rawa a sitiyari. Duk da haka a rabin totur muka ƙarasa Ebute Ero. Tsayuwar duka ta ci minti 25.

A nan yawancin direbobi ke cewa an gama, su sake lodi. Ni a wurina abin da aka yi a tsakiyar ruwa ceton tafiya ne kawai, gyaran yana gaba. Raga da zaren fatsa siraran zaruruwa ne masu kama da gashin doki, kuma duk lokacin da raga ta taɓa farfela, wani abu daga cikinta yakan zurara ta ratar nan ya naɗe a jikin sanda, a wurin da ba a gani sai an cire farfela. Ba ya canja ƙarar inji, ba ya rage gudu. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Da rana, bayan lodin safe ya lafa, muka ja jirgi wuri mara zurfi inda mutum zai tsaya ruwa iya gwiwa. Na sake zare makulli, muka ɗaga inji, muka rataya bokiti a ƙarƙashin farfela saboda ƙananan kaya. Da filaya na miƙar da ƙafafun fil ɗin da ke ratsa noti na zare shi. Na sa guntun katako tsakanin kunnen farfela da faffaɗan ƙarfen da ke samanta, don ya hana ta juyawa. Ba a riƙe farfela da hannu ana kwance noti, ba a kuma sa giya don ta riƙe. Noti yana kwancewa ta hagu kamar kowane noti. Bayansa wosha, bayanta wani zobe mai haƙora a ciki, sai farfela ta zamo, sai a ƙarshe wata wosha mai kauri da ke zaune a kan kafaɗar sanda, wadda ita ke ɗaukar turin farfela. Ina jera su a kan tsumma yadda suka fito, daga hagu zuwa dama, kowace da fuskar da take kallo.

Farfelar da aka daɗe ba a cire ba takan ƙi fita, gishiri ya haɗe ta da sanda. Ba a dukan kunnuwanta da guduma, ba a kuma dukan bakin sanda, zaren noti zai mutu. A fesa man kwance tsatsa, a jira, a ɗora katako a gindin farfela ta baya a riƙa bugawa kaɗan kaɗan ana juyawa. Tamu ta fito da hannu, saboda duk mako tana ganin giris.

Da na zare wosha mai kaurin nan, ga shi kuwa: zaren raga kore, ya naɗe ya zama faifai kamar an saƙa, gefensa na ciki ya narke ya shige ƙarƙashin leɓen sil. Na sa ƙaramar ƙugiyar waya na riƙa ɗagowa ina yankewa da reza, ina jan reza waje, nesa da roba. Abin da ya fito bai cika tafin hannu ba.

Ga abin da wannan ɗan zare yake yi. A inda sandar farfela ta fito daga giyabos akwai sil guda biyu a jere, robobi masu leɓe da siririn sifirin a ciki da ke matse leɓen a jikin sanda. Aikinsu su tsare man giya a ciki, su tsare ruwa a waje. Zaren yana juyawa tare da sanda, yana zafi, yana cin leɓen roba kamar zarto. Giyabos yana ɗumi idan ana gudu, iskar ciki ta kumbura ta tura mai waje ta wurin yankan. Idan aka tsaya ya huce, sai ya tsotso ruwa ciki. Ruwan lagun kuma da rani gishiri ne, tunda teku na shigowa ta mashigar tashar jiragen Apapa. Mai ya gauraya da ruwa ya daina riƙe ƙarfe, boris ya yi tsatsa, haƙoran giya su fara cin juna. Makonni kaɗan sai a ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ranar nan kuma giya ta ƙi shiga ko ta watse a tsakiyar ruwa da fasinja a ciki. Kuɗin sil biyu da man giya ba ya kama ƙafar kuɗin giyabos.

Saboda haka duk ranar da na ga zare a bakin sil, sai na ga man giya da idona. Ana saukar da inji ya tsaya a miƙe, ƙafarsa a wajen ruwa, a bar shi ya huta kamar awa ɗaya don ruwa, idan akwai, ya kwanta a ƙasa. Sukuru biyu ne a gefen giyabos, ɗaya a ƙasa na zubarwa, ɗaya a sama na iska. Da babban sukundireba mai faɗin baki da ya cika tsagar ake kwancewa, ƙarami yana cinye kan sukurun. Na sa roba a ƙasa, na cire na ƙasa, mai ya fara ɗiga, na cire na sama ya zubo sosai. Lafiyayyen mai ruwan zuma ne ko ya ɗan yi duhu, kana ganin haske ta cikinsa. Idan ya fito kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Idan tsabar ruwa ce ta fara fitowa kafin mai, an daɗe ana tafiya a haka. Sukurun ƙasa yana da maganaɗisu a bakinsa: laushin garin ƙarfe kamar toka ba komai ba ne, amma ɓarɓashin da yatsa ke ji yana nufin giya ta fara ci. Namu ya fito da ɗan fari-fari a ƙarshe, maganaɗisu kuma babu ɓarɓashi. An kama shi da wuri.

Canjin sil aikin makaniki ne mai kayan aiki, kuma na tsaya a kansa har aka gama. Ya fara da gwajin iska: ya ɗaura ƙaramin famfo mai agogo a ramin sukuru, ya ba shi iska kaɗan, ya shafa ruwan sabulu a bakin sanda. Allurar agogo ta riƙa sauka, kumfa ta tashi a gefen sil. Ya ce, "Ka gani, maigida? Nan ne." Ya kwance abin da ke riƙe da gidan boris, ya zaro gidan da abin ja, ya fitar da tsofaffin sil biyun. Ya bi wurin zamansu a jikin sanda da farce, domin idan zare ya riga ya yi wa ƙarfen kwari, sabon sil ma ba zai riƙe ba. Babu kwari. Ya dasa sababbi a fuskar da tsofaffin suke kallo, a zurfin da suke, ya cika tsakaninsu da giris, ya canja zoben robar da ke kewaye da gidan, ya mayar. Da aka sake gwajin iska allura ta tsaya cak.

Zuba mai daga ƙasa ake yi. Man giya lamba 90 na injin ruwa, ana matsa shi ta ramin ƙasa har ya ɓullo ta ramin sama babu kumfa. Wanda ya zuba ta sama iska za ta tare shi, ya zaci ya cika alhali rabi ne. Injin doki 200 irin namu yana shan kusan lita ɗaya, mai doki 75 ko 85 wajen mililita 600, mai doki 40 ƙasa da rabin lita. Ana fara ɗaure sukurun sama yayin da bakin robar mai yake toshe da ramin ƙasa, sannan a zare da sauri a ɗaure na ƙasa. Da haka abin da zai zube bai fi cokali ba. Kowane sukuru da sabuwar wosharsa. Tsohuwar wosha da aka mayar ita kanta ƙofar ruwa ce, kuma na sha ganin an zargi sil alhali ita ce mai laifin.

Kafin mayar da farfela na juya sanda da hannu ina kallon bakinta daura da wani tsinke da na kafa. Idan bakin yana lilo, sanda ta lanƙwashe, kuma lanƙwasasshiyar sanda tana cinye sabon sil cikin kwanaki. Tamu a miƙe take. Na goge haƙoran sanda, na shafa giris mai jure ruwa. Wosha mai kauri ta fara shiga, gefenta mai gangare yana kallon giyabos don ya zauna a kan kafaɗar sanda. Wanda ya manta da ita, farfela za ta tura gaba ta ci jikin giyabos. Sai farfela, zobe, wosha, noti. Littafin manyan injunan nan ya ba da ɗaurin kusan 55 a Nm, ma'aunin ƙarfin ɗaure noti. Ƙananan injuna ƙasa da haka. Idan ramin fil bai daidaita da tsagar noti ba, ana ƙara ɗaurewa kaɗan ne har ya daidaita, ba a sassautawa. Fil sabo, na ƙarfen da ba ya tsatsa, a buɗe ƙafafunsa. Ƙusa ko waya a madadinsa gishiri zai cinye, noti ya kwance, farfela ta sauka ƙasan lagun.

Saura abu ɗaya da igiya mai kauri kan lalata ba a sani ba. A tsakiyar farfela akwai roba da aka matse tsakanin jikinta da bututun da ke kama sanda, an yi ta ne don ta zame idan farfela ta daki abu, ta ceci giya. Igiyar da ta tsayar da inji farat ɗaya tana iya sa ta zame, kuma da zarar ta zame sau ɗaya ba ta sake riƙewa kamar da. Alamarta, a ƙaramin wuta jirgi yana tafiya, da ka ƙara wuta sai inji ya yi ihu jirgi ya tsaya. Na ja layi da fenti daga bututun zuwa jikin farfela, muka zaga da jirgi da lodi, muka dawo na duba. Layin bai rabu ba. Da ya rabu, da farfelar ajiya za ta hau, wadda ba na fita ba tare da ita ba, da notinta da wosharta da fil biyu a ƙulle cikin leda.

Ruwan Legas kowane yanki da irin tarkonsa. Wajen Ikorodu da Ijede, daga ƙarshen damina zuwa farkon rani, ciyawar nan mai shuɗin fure ce ke rufe hanya, wadda Yarabawa ke kira gbeborun, mu kuma muke ce mata kainuwa ko da yake ta fi kainuwar tafkunan Arewa girma da tsawon saiwa. Ta shigo ruwan Najeriya ta wajen Badagry a 1984, kuma ba ta ja da baya sai gishiri ya ƙaru a lagun. Ita kanta farfela na iya sara ta. Abin tsoro shi ne abin da take ɓoyewa, gungume, taya, igiya, da yadda saiwarta ke toshe ramukan shan ruwa. Idan dole ne a ratsa ta, a ƙaramin wuta ake yi, inji a ɗan ɗage, ido a kan fitsarin inji, ana tsayawa ana ba da ribas lokaci lokaci. Wajen Makoko da Ebute Metta akwai ragogi da turaku da gumagumai da ake ja a ɗaure, wani kan kuɓuce ya yi ta yawo rabinsa a nutse. Inda masu haƙar yashi suke kuma, igiyoyin angarsu sukan miƙa nesa da jirginsu fiye da yadda ake zato. Bayan ruwan sama mai ƙarfi, bakin kowace babbar kwata leda ce da buhu.

Jarka ko gorar ruwa ko guntun soso da ka gani a tsaye wuri ɗaya alhali sauran shara na tafiya, a ɗaure yake, akwai igiya a ƙarƙashinsa. Idan biyu ne a jere, raga ce a tsakaninsu, a zaga ta bayan na ƙarshe. Idan guda ne, a bi ta gefen da ruwa ke gangarawa, domin igiyarsa tana miƙe ne ta gefen da ruwa ke fitowa. Idan kuwa ka ankara igiya ta riga ta shiga ƙarƙashin jirgi, firi nan take, ka ɗaga inji, jirgi ya zame ta kanta da saurin da ya rage masa. Farfelar da ba ta juyawa ba ta naɗe komai.

Manyan jirage masu inji a ciki, waɗanda sandarsu ke fita ta ƙarƙashi, ba su da wannan sauƙin na ɗaga ƙafa. Su sai mai nutso ya shiga da wuƙa, inji a kashe, makulli a hannun wanda ke tsaye a sama yana riƙe da igiyarsa, ko kuma a ja jirgin zuwa tasha. Wasu suna ɗaura wani faifai mai kaifi a jikin sanda gaban farfela da ke yanke igiya kafin ta naɗe. Yana taimakawa ga igiya, amma buhu da tamfol sun fi ƙarfinsa.

A jirginmu farfela tana fita duk ranar Lahadi ko da ba ta kama komai ba, aikin minti 15 ne, kuma a cikin fita huɗu da wuya a rasa zare a ɗaya. Man giya ana canja shi duk awa 100 na aiki, wanda ga jirgin da ke zirga-zirgar Ikorodu safe da yamma bai fi 'yan makonni ba. Bayan canjin sil ɗin nan da mako ɗaya na sake sassauta sukurun ƙasa, na bar ɗigo uku suka sauka a kan farar takarda. Ruwan zuma ne, babu fari. Na ƙara abin da ya ragu ta ƙasa har ya ɓullo ta sama, na ɗaure da sabuwar wosha.